Inshorar da Na Biya wa Surukina

Da inshorar motata ta kusa ƙarewa, ma'aikacin kamfanin ya ce ba sai na je Katsina ba, in tura kuɗin ta waya kawai. Uwargida ta ce, "Alhaji, kawo in duba maka lambar." Na ce mata ni da na shekara talatin ina kai hatsi kasuwar Kongolam, ba 'yar waya ce za ta gagare ni ba. Ko tabarau ban sa ba. Na danna sunan da ke sama, na tura, na ajiye wayar ina hura hanci.

Bayan la'asar sai ga surukina, mahaifin uwargidan, yana dogara sanda har ƙofar gida. Ashe sunansa ne a sama tun da na tura masa goron Sallah. Ya kama hannuna a gaban maƙwabta yana ta sa mini albarka, har da hawaye.

"Ɗana, ashe haka kake ban sani ba?"

To, wa zai iya buɗe baki ya ce wa surukinsa ya maido kyauta? Na durƙusa ina ta "Amin, Baba."

Motar ta yi sati uku a gindin darbejiya ba takarda, kasuwa uku ta wuce ni.

Har yau in na zauna a majalisa sai wani ya ce, "Alhaji, inshorar Baba fa ta kusa ƙarewa." Shi kuwa Baba, duk shekara in watan ya zagayo, sai ya aiko a gaishe ni.