Hular Baba

Kwana biyar kafin Sallata ta farko a gidan aure, na shaida wa mijina cewa da hannuna zan saƙa wa mahaifinsa hula. Iyakar ilimina a saƙa bidiyo biyu ne da na kalla a waya, amma ji nake kamar da kwarashi aka haife ni.

Matsalar ɗaya ce: ina ni ina auna kan suruki? Sai na dubi kankanar buɗa-bakinmu, na ce ai Baba babban mutum ne, na auna da ita.

Ranar Sallah muka je gidansu a Hayin Banki, falo cike da dangi. Na durƙusa na miƙa. Baba ya yi bismillah ya ɗora a ka, sai hula ta zarce ta rufe ido da hanci, ta tsaya a gemu. Daga cikin hular muka ji muryarsa: "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Amma wani ya taimaka ya kunna fitila."

Surukata ta yi dariya har da dafa bango. Mijina kuwa, maimakon ya kare ni, waje ya fice yana tarin ƙarya.

Shekara uku ke nan. Makon jiya ƙanin mijina ya kira ni: "Anti, na sayi keke napep. Yaushe za ki saƙa mata hula? Damina ta kusa."