Maganin Gadarmu Ya Ƙare a Kan Allo

Jiya da hantsi na ɗauki Ɗanladi mai Keke Napep ya kwaso mini shinkafata ta rani daga fadama. Muna isa 'yar gadar da ke tsakanin unguwarmu da gonaki, sai ya taka birki, ya kashe inji.

"Malam, sauka ka leƙa ƙarƙashinta," in ji shi. "Ina da iyali. Ba zan hau wannan da kaya ba."

Na sauka na leƙa. Siminti ya ɓare ya zube, rodi duk ya fito waje ya yi jawur da tsatsa, kamar haƙarƙarin saniyar da ta sha rani. Ga abincin gidana na bana yana tsallaken can, ga hadari ya fara haɗowa daga gabas.

Abin da ya ɗaure mini kai, bara aka yi wa gadar nan magani. Wai wani ruwa ne ake fesa wa kankare, ya shige ciki, ya hana laima ratsawa ta cinye rodi. Da ni aka yi bikin. Mai Girma Sarkin Almakashi, gwanin yanka ƙyallen buɗe ayyuka, ya zo da jerin motoci, ya tsiyaya ruwan gora a kan allon kankaren da aka kafa a bakin gadar ta ɓangaren fadama, aka rubuta sunansa, ruwan ya gangare bai jiƙa komai ba. Muka yi ta tafi, kuma Allah ya sani na fi kowa.

Na wuce wurin maƙwabcina Shu'ibu, wanda aka ba aikin feshin.

"Kai ma dai, Malam," ya ce. "Cewa aka yi in fara da inda Yallaɓai zai tsaya. Na yi ta maimaita wa allon har jarka ta kusa ƙarewa."

"Ginshiƙan fa?"

"A tsakiyar damina? Ai suna cikin ruwa. Maganin kuma ba ya kamawa sai kankare ya bushe. Aka ce a bari sai rani."

"To, da rani ya zo?"

"Malam, wa zai zo ɗaukar hoto a busasshen rafi?"

Jama'a, mu yi adalci, manyanmu sun san abin da ya kamata a tsare. Gada ai ta kowa da kowa ce, har jakuna bi suke yi. Suna kuwa na mutum ɗaya ne, in ya jiƙe ina za a samo wani? Ga shi maganin ba shi da launi, ko an shafa wa ginshiƙi babu mai gani balle ya yi godiya. Sai dai raina ya ɓaci, don hannuna ne ya yi tafin.

Na koma, na haye da ƙafa ina addu'a. Na duba fadamar nan kaf, wuri ɗaya ne ƙasa ba ta tsattsafo da laima: dandamalin allon. Nan na jibge buhunana na rufa tamfol, har sunan Mai Girma ya ɓuya.

Ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri. In shinkafar ta tsira, zan shaida wa duniya cewa sau ɗaya sunanka ya taɓa tsare wa talaka abincinsa.