Hagu Biyu a Bangon Mujallar Sawu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je nema wa mujallarmu gata da takalmin da ni kaina na kasa gane kansa ba. A Gummi ne, farkon shekarun dubu biyu, mun gama sakandare muna zaman jiran sakamako. Ni da abokina Nasiru muka kafa mujalla, ita kuwa ba ta maganar komai sai takalman kambas. Muka sa mata suna Sawu. Da biro muke rubuta ta, mu sa takardar kabon a ƙasa, ta fito kwafi shida (na shidan sai mai ƙarfin ido). Nasiru ke zane, ni ne edita, don ni na fi surutu.

Inna ta tambaye ni ko akwai wanda ya rasa abin karantawa har ya karanta labarin takalmi. Akwai kuwa. Samari sun yi ta karɓa hannu da hannu, musamman saboda shafin da na rubuta a kan yadda ake gane kambas na asali da jabu. Har aka fara tare ni a hanya ana miƙo mini ƙafa in duba.

Matsalar ita ce, kambas ɗin da Nasiru ya zana a bangon mujallar, wanda na rubuta a ƙasansa cewa na edita ne, ba nawa ba ne. Na wani mai gwanjo ne a kasuwa. Masu gwanjo dai ƙafa ɗaya suke bazawa a kan buhu, ɗayar tana ɓoye, don kada wani ya saka ya yi gaba. Wannan ƙafa ɗayan muka tsuguna muka zana.

Ana nan sai Alhaji Ummaru, mai injin fotokwafi a unguwarmu, ya aiko cewa mu zo ya gan mu. In ya gamsu mun san abin da muke yi, zai riƙa buga mana kyauta. In bai gamsu ba, Sawu ta mutu, don yatsun Nasiru sun riga sun yi kanta. Dole edita ya je da takalmin da ke bango.

Na sayar da kajina na tafi wajen mai gwanjo. Ya zazzage buhu bai ga ɗayar ƙafar ba. Ya ce tabbas ta bi kason ƙanensa da ke kasuwar Anka, in riƙe wannan, in je can in karɓo 'yar'uwarta. Washegari na ajiye tawa a ƙarƙashin gado (don kada ta yi datti, ka ji wayo), na hau mota. A Anka na tarar da ƙanen cikin cinkoso. Na faɗa masa saƙo, ya ɗauko wata daga cikin waɗanda ya baza ya ce ko ita ce. Na duba launi, na duba ɗinki, na lanƙwasa tafin, na shinshina, duk kamar yadda na koyar a mujalla. Na ce ita ce.

Da safen ranar haɗuwa na saka. Ƙafar hagu ta shiga lafiya. Ta dama ta shiga da rigima. Na duba ƙasa na ga bakinsu duka ya karkata wuri ɗaya, na tsaya ina tunani ko idona ne, ko ƙafata ce ta sauya a mota. Na cire na musanya su, abin bai canja ba. Kaina ya ɗaure ƙwarai. Daga ƙarshe na ce wa raina sabon yayi ne, na saki wando ya rufe su, na fita ina ɗingishi.

Abin da na manta shi ne, ɗakin Alhaji akwai darduma. Muka cire takalma a bakin ƙofa, muka durƙusa muka gaishe shi. Ya sa tabarau ya karanta shafina a bayyane har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Na fara jin daɗi. Sai ya ɗaga ido ya kalli ƙofa, ya daɗe yana kallo, sannan ya sa Nasiru ya miƙo masa su. Ya juya wannan, ya juya wancan.

"Edita," in ji shi, "wagga ƙahwa hagu ta. Wagga ma hagu ta. Ina ta dama tat tahi?"

Da na yi shiru da na tsira da sauran mutunci. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "Alhaji, haka Turawa ka yin su yanzu."

"To. Su Turawan ƙahwar hagu biyu gare su?"

Nasiru ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Kunya ta rufe ni, na kuma tabbata na kashe mujallar da hannuna. Alhaji ya share hawayen dariya ya ce zai buga, amma da sharaɗi. Ya tashi ya kifa takalman biyu a kan gilashin injin, ya danna. Abin da ya fito shi ne bangon fitowa ta biyu, kuma ya ce in rubuta a ƙasa cewa na edita ne, tunda wannan karon gaskiya ce.

Wannan fitowar ta kai har Bukkuyum. Sawu ta ƙara yin huɗu kafin Nasiru ya tafi karatu Sakkwato, kuma babu wadda aka nema kamar ta. Ba a sake miƙo mini ƙafa a hanya ba, sai dai a kira ni Hagu Biyu, sunan da har 'ya'yana sun san shi. Ƙafafun daman kuwa ba a gan su a Gummi ba, ba a gan su a Anka ba, har yau ban san wanda ke yawo da su ba. Abin da na koya dai shi ne, kafin ka shinshina takalmi don gane asalinsa, fara duba ko zai kai ka gida.