Cukun Goggo Shatu a Firjin Kamfaninku

Zuwa ga Mai Girma Babban Manajan Kamfanin Sanyin Safiya, mai fitar da matan karkara daga duhun kai, Allah ya ƙara wa kujerarka laushi.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan Yallaɓai yana cikin sanyi, tunda ga alama sanyin duk a ofishinku ya tsaya. Ni ce Ikilima, matar Malam Mahdi mai koyar da karatu a nan Daura, can bayan Kusugu. Na rubuto in yi godiya kan firjin da maigidana ya saya a hannunku bara, in kuma ambaci wasu 'yan abubuwa da ba su kai a ta da babban mutum daga kujera ba.

Na ɗaya, ina yaba wa wakilinku Harisu, yaro mai ƙwazo da kaifin wuƙa. Ranar da ya kawo firjin ya duba ɗakina bai ga wurin da ya dace da shi ba sai inda ragayata take rataye, wadda mahaifiyata ta saƙa da hannunta, nake ɗora ƙoren nono da man shanu a kai. Kafin in buɗe baki ya sa wuƙa ya yanke ta. Randata kuma ya mirgina ta tsakar gida, yau kaji ke shan ruwa a ciki. Sannan ya juya ga matan unguwa da suka zo kallo, ya sanar da su cewa duk abin da ya fito daga nono wurinsa firji, rataye abinci a igiya kuwa aikin mutanen da ne. Muka yi ta gyaɗa kai, don ya zo da farar riga da biro a aljihu.

Na biyu, Harisu ya mance bai gaya mana firjin da wuta yake aiki ba, ko kuwa ya ɗauka a Daura wutar zaunanniya ce? Mu dai a wurinmu baƙuwa ce mai kunya. Ta leƙo, yara su yi ihu, kafin a shimfiɗa mata tabarma ta koma. Amma ba mu bar kayanku ya zauna a banza ba. A ciki muke ajiye hulunan Malam, da kayan makarantar yara, da ashana, da daddawa, kuma ina shaida wa duniya ɓera bai taɓa shiga ba. Illa dai yanzu in Malam ya zauna ba da karatu, ɗalibai suna jin ƙanshin miyar kuka daga hularsa.

Na uku, masu tsegumi na cewa lokacin da aka ƙaddamar da shari'a aka rufe gidajen giya, kamfaninku ne ya bi ya kwashe firjinsu da araha ya shafa musu fenti. Ni ban yarda ba sam. Mabuɗin kwalban da ke manne a ƙofar namu, na san don kunun zaƙi kuka sa shi.

Na huɗu, kuma a nan zan roƙi Yallaɓai ya ajiye kofin shayinsa. Akwai wata dattijuwa, Goggo Shatu, daga wata ruga ta wajen Dutsi. Ita ke kawo nono gidan nan tun ina amarya, ita ta shafa wa 'ya'yana man shanu a ka ranar sunansu, kuma ba ta taɓa auna mini nono ba ta ƙara ludayi a kai ba. A ƙarshen damina, kafin shanunsu su yi kudu, ta tara nonon ƙarshe ta yi cuku, ta shanya shi a rana har ya bushe ƙamas. Ba na sayarwa ba ne. 'Yarta Auta ta zo wankan jego na haihuwar fari, cukun nan shi ne abin da Goggo za ta riƙa a hannu ranar da za ta mai da ita gidan miji, don surukai su san yarinya tana da uwa. Da yake ruga na shirin tashi, ta ɗaure shi a ƙwarya ta rufe da faifai, ta kawo mini ajiya.

Ta ɗaga kai tana neman ragaya, sai ta ga ƙusa. Na nuna mata firji, na maimaita mata karatun Harisu kalma bayan kalma. Ta daɗe tana kallon farin akwatin nan, sannan ta miƙo mini ƙwaryar, don da ni ta yarda, ba da shi ba.

Yallaɓai ya fi ni ilimi, to ya taimaka ya bayyana mini: wane irin akwati ne in wuta ta zo ya yi sanyi, in ta ɗauke ya yi gumi? Cuku iska yake so. A kan ragaya yana kai wata da watanni ba abin da ya same shi. A firjinku kuwa ya sha danshi ya ƙoshi. Ni kuma ban leƙa ba, don a gidanmu ba a buɗe kayan ajiya, ko da faifai kawai aka rufe shi. Ranar da Goggo ta zo da sabon zanenta ta kwance ƙwaryar, funfuna ce koriya shar tun daga sama har ƙasa. Ba ta zage ni ba, wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta mai da faifan ta rufe, ta yi mini godiyar ajiya, ta tafi kai 'yarta hannu wofi. Na shiga ɗaki na yi kuka, kuma har yau in na tuna zuciyata tafasa take.

Na biyar, tambaya ce ta jahila. Tun da shari'a ta zo ake bin kasuwa ana duba mudun masu gero, ana wa'azi a kan mai ɓoye aibin hajarsa. Shin wane mudu ake auna maganar kamfani da shi? Ko aibi in yana da fenti fari ya zama ado?

Ba na neman sabon firji, Allah ya kiyaye, ɗaya ma ya wadatar. Alfarma biyu nake roƙo. A turo Harisu ya zauna a zaurenmu ya koyi saƙar ragaya, tunda ya ƙware a yanke ta. In ya gama, ya tsaya a ƙofar gida da farar rigarsa ya tare Goggo Shatu, ya yi mata bayanin ci gaban zamani, don ni na kasa haɗa ido da ita. Ba zai sha wahalar nemanta ba. Ruga ta dawo, kullum da hantsi tana wucewa ta ƙofarmu da ƙwarya a ka, ta gaishe ni da mutunci daga nesa, ta sauke nononta a gidan maƙwabta.

Don kada a ce ban faɗi alheri ba: jiya wuta ta zo ta wuni. Firjinku ya yi ta gurnani, ya yi sanyi irin wanda Harisu ya yi mana alkawari. Na buɗe na tsaya ina kallonsa, hulunan Malam sun yi sanyi ƙalau, kuma babu ko ludayin nono a gidan da zan sa a ciki.

Allah ya ja zamanin Yallaɓai, ya ajiye masa mutuncinsa a inda kuka ce mu ajiye namu.

Taka mai biyayya har ƙasa,
Ikilima, matar Malam Mahdi, Daura.