Gamla Ta Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki ɗaci, Eilif Brattli na garin Vik yana sanar da rasuwar gangarsa, Gamla, wadda ta cika ranar Lahadi da hantsi.

Da hannunsa ya jeme fatar barewar da aka yi ta da ita, tun gemunsa bai yi furfura ba. Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta da surutu. "Dum... dum," shi ke nan maganarta, amma idan ta faɗe shi a cikin daji, manyan maza sukan runtse ido su ce sun ji tafiyar dokin Odin, abin bautar kakanninsu. A kan bugunta Solveig Nes, mawaƙiyar ƙungiyarsu, ta koyi inda ake jan numfashi. Eilif yana son a rubuta wannan, domin da alama an fara mantawa.

Ciwon ajali ya same ta a taron kiɗa na kaka, kusa da kaburburan mutanen da. Ruwa ya wuni yana sauka, fatarta ta saki, muryarta ta dishe. Eilif na tsugune yana gasa ta a bakin wuta sai ya ji an fara waƙa ba tare da shi ba. Audun ne, sabon ɗan ƙungiya, da gangarsa ta roba wadda ruwa ba ya dame ta. Jama'a suka yi ta tafi. Solveig ta waiwayo tana murmushi ta ce, "Huta abinka, dattijo, wannan ma tana yi."

Idonsa na kan su biyun, bai lura wuta ta yi yawa ba. Gamla ta ce "fat", ta tsage tun daga baki har cibiya. Ya yi ta jinyarta da kitse da zare, ba ta ƙara magana ba.

Ta rasu ta bar gula ɗaya ta ƙahon barewa, da ƙawarta goge mai gashin doki, da tsohon ƙahon busa, da Eilif, wanda yanzu aka ba shi ƙararrawa yana kaɗawa a bayan dandali. Ya ce ba ya jin haushin kowa. Ya dai lura gangar roba ba ta taɓa rai ba, shi ya sa ba ta san ciwo ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a bakin ruwa. Za a kwantar da ita a ƙaramin kwale-kwale, a cinna masa wuta, a tura. Akwai gahawa da busasshen kifi a gidan mamaciya. Audun na iya zuwa, amma ya bar kayansa a mota.

An roƙi Solveig ta rera waƙar rakiya ita kaɗai, ba kiɗa, ta nemi wajen jan numfashi da kanta.