Kunnen Rabo da Allurar Inji

Rabo bai taɓa ɓoye kurumtarsa ba. Da bakinsa yake cewa injin gurzar auduga ne ya cinye masa kunnuwa. Lokacin da kuɗin man fetur suka cika gari, ya kafa injin sassaƙa ƙarfe a Ƙanƙara. Injin na da siririyar allura mai auna ƙarfe. Kafin aiki ana sauko da ita a hankali, da ta taɓa sai ƙararrawa ta buga, a ɗaure birki nan. In aka zarce ta karye, wata kuwa sai daga Turai. Ran nan fitilar da yake dubawa maimakon ƙararrawar ta ƙone, sai ga Suwaibatu, 'yar kawunsa kuma abokiyar wasansa, daga Mabai da sandar injin niƙanta da ta cinye. Salla ta matso.

"...Lafiya lau, bawana. Ina gajiya? Ko sai na ɗauko ganga za ka ji?"

"Ke da ake jin gaisuwarki daga Faskari? Kwashi ƙarfenki, yau ba aiki."

"Matan Mabai sun surfa dawa suna jirana. In ce masu mi? Bawa ya ƙi?"

"Ki ce fitila ta mutu. In na karya allurar nan, har jikokinki a turmi za su daka."

"Ƙararrawar fa?"

"Da wane kunnen?"

"Da nawa. Naka dama ado ne. Juya!"

Ya kama hannun injin. Allura ta fara saukowa, gumi ya keto masa.

"Ki yi shiru dai, in kin iya. An ce ranar da kika faɗo duniya ungozoma ta kurumce."

"Kai ko huɗubar da aka yi maka a kunne, ta ɗayan ta fice."

"Suwaibatu. Saura ƙiris."

Ta kama bakinta. Ba a taɓa ganinsa a rufe ba sai ran nan. Ƙararrawa ta ce ƙil.

"Tsaya!"

Awaki suka watse a bakin titi. Rabo ya ƙame, allura lafiya. Ya ɗaure birki.

"Ka ji, ko in ƙara?"

Ya fashe da dariya, ya miƙa mata goro. "Na ji, uwar ɗakina. Har haƙorana sun ji."

Ya juya ga waɗanda ihun ya tara a ƙofa. "Jama'a, don Allah, duk mai kawo mini aiki ya biya ta Mabai ya ɗauko ta. Amma da an gama, ya maida ta."