Yadda Ake Shiga Ran Suruki da Tsofaffin Jaridun Dambe

Idan shekara da shekaru kana gaida surukinka yana kiranka "mijin yarinyar nan", kwantar da hankalinka. Bi waɗannan matakai, ni na tsaya maka, sai ya kira ka ɗansa da bakinsa. Sharaɗi ɗaya ne: ya kasance irin dattijon nan mai akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, cike da labaran 'yan damben da, waɗanda ya yanko daga jaridu tun yana saurayi, yanzu kuma ido ya yi rauni yana neman mai karanta masa.

Mataki na 1: Kada ka yi bincike

Nan 'yan boko ke faɗuwa. Sai su duƙufa a waya suna haddace shekaru da nauyin kowane ɗan dambe. Dattijo ba masani yake nema ba, wanda zai koya wa yake nema. Tafi da jahilcinka cif, ka durƙusa ka ce, "Baba, an ce kana da wasu takardu." Zai ce, "Ba takardu ba ne, tarihi ne." Ka ce haka ne.

Mataki na 2: Riƙe ta kamar jariri

Takardar ta yi ja, ta bushe, tana warin kafur. Kada ka lashi yatsa, kada kofin shayi ya matso kusa. Idan wani gefe ya ɓalle a hannunka, danne shi da gwiwa ka yi tari.

Mataki na 3: Kada ka tsallake layi

Marubutan wancan zamani ba su san sauri ba. Sai mutum ya cinye rabin shafi a kan hayaƙin da ya cika zauren, da takalmin alƙalin wasa, da wankau ɗin da uwar ɗan damben ta yi ta raine shi, alhali ba a kai naushi ko ɗaya ba. Shaiɗan zai ce maka ka tsallake, ai ba ya gani. Ba ya gani, amma ya haddace. Sai ka ji sanda ta taɓa ƙafarka: "Ina ruwan saman? An yi ruwa ran nan."

Duk inda ka rasa abin cewa, girgiza kai ka ce, "Yanzu ina ake irin wannan rubutu?" Ko ba ka fahimci komai ba, wannan tana ci.

Mataki na 4: San inda za ka zauna

A cikin takardun, duba hoton da aka shafa har fuskar ta kusa gogewa. Shi ne gwaninsa, Bahago, mai kisa da hannun hagu. Saboda haka ka zauna ta dama. Da karatu ya ɗau zafi, Baba zai fara kai wa iska naushi, kuma hannun tsohon makaniki ba ya tsufa. Surukarka za ta leƙo ta ce, "Malam, a hankali, fankar nan sabuwa ce." Kai dai kare kunnenka ka ci gaba.

Mataki na 5: Kada ka fassara

Wannan shi ne kan maganar, ka buɗe kunne. A karawarsa ta ƙarshe, Bahago ya haɗu da wani yaro mai jini a jika. Ga abin da marubucin ya rubuta: "Daga nan Bahago ya dubi jama'a, ya zauna."

Mijin yayar matarka, akawun nan mai karatu kamar rediyo, da ya zo nan sai ya ɗago kai ya ce, "Wato ya sha ƙasa ke nan, Baba." Tun ranar, aikinsa a gidan sayo batir.

Kai karanta yadda aka rubuta, ka rufe bakinka. Daure.

Mataki na 6: Bar shi ya yi magana

Can zai ce, "Me ya ce? Maimaita."

"Ya zauna, Baba."

"Ka ji ko. Bai ce ya faɗi ba. Kowa a zauren ya ga abin da ya faru, shi ma ya gani, amma bai tona masa asiri ba." Sai ya shafa gwiwoyinsa da suka daina ɗaukarsa zuwa gareji, ya yi 'yar dariya. "Mu ma ai zama muka yi."

A nan ba ni da dabarar da zan ba ka. Ka dai ci gaba da karatu. Kana cikin haka za ka ji ya ɗaga murya wajen ƙofa: "A ƙaro wa ɗana shayi, muryarsa ta fara dishewa."

Gargaɗi

Ni dai shawara na bayar, ba ni da hannu a abin da zai biyo baya. Kumburin kunne, fasasshiyar fanka, gabar akawu, duk naka ne. Haka nan idan ka wayi gari kana musu da mai aski a kan mutumin da ya bar duniya kafin a haife ka, ko matarka ta fara ƙorafin ka ƙwace mata uba, ko ka tsinci kanka ranar Asabar a ƙofar gidan ba wanda ya aike ka, kada a neme ni. Ina gidan nawa surukin, muna zagaye na tara.